Bindigar Yaya Habu da Amalen Mamman

Gidan da na tashi a Vaulx-en-Velin, gefen birnin Lyon a Faransa, yana hawa na tara, ba tsakar gida, ba murhu. Abin da muke da shi wata 'yar na'urar ɗumama ɗaki ce mai sanduna biyu, waɗanda ke yin jajir idan sun ɗauki zafi. Ita Kaka ta mayar murhunta. Kaka mahaifiyar babanmu ce, Hajiya Zali. Daga garin Tawa na Nijar aka kawo ta a yi mata aikin ido, aka yi, ta buɗe ido ta ga jikoki, ta ce ba inda za ta koma. Tana idar da sallar magariba sai ta ja na'urar nan gaban tabarmarta, ta miƙe ƙafafu, ta juye gyaɗa a faranti. Baba direban bis ne, ba ya shigowa sai bayan lisha, Mama kuma tana wajen tukunya. Tsakanin sallolin nan biyu lokacinmu ne, ni da yayana Nasiru.

"Ku buɗe kunne, ga ta a bakin ƙofa," haka take farawa.

Mu kuma mu ce, "Ta shigo, Kaka."

Yawanci labarin kura ne da kwaɗayinta, ko na zomo da wayonsa. Rabin Hausarta ba ma ganewa, don mu da Faransanci muke mafarki. Amma muryarta tana da wani abu: in ta yi kukan kura sai ka waiwaya ka duba ƙofar ɗaki.

Wani lokacin sanyi, ina da shekara goma, unguwarmu ta rikice. An ƙona motoci uku a ƙasan benenmu, an farfasa gilashin tashar bis, kullum 'yan sanda suna tsaye a kwana. A makon ne Nasiru ya shigo da leɓe a fashe, jini ya bushe masa a haɓa. Shekararsa goma sha biyar. Bai faɗi wanda ya buge shi ba. Sai dai ya zauna yana cika baki, wai wani saurayi a benen da ke kallonmu yana da tsohuwar bindigar hannu, ta gasar harbi, kuma daga tagarsa zai iya samun mutum a tashar bis in ya ga dama.

Kaka ta daina ɓare gyaɗa.

"Daga tagar tasa zuwa tashar, taku nawa ne?"

"Mais Kaka, wa ke ƙirga taku? Mita ɗari da wani abu."

"Ƙarya shikai," in ji ta. "Wanda ya nufa zai wuce lahiya lau. Ɗiyar wani da ke gefe ita za a ɗauka. Mariama, kashe telen nan. Yau ba kura. Wanga da idona na gane shi."

Ta ce a garinsu, can arewa da Tawa, tana da wa, Yaya Habu, direban wani Bature mai haƙa rijiyoyi. Baturen yana da bindigar hannu mai dogon baki, mariƙinta na katako an sassaƙa shi daidai tafin hannu. Harsashinta ƙanƙane ne, kansa bai fi ƙwayar wake ba. Kowace Lahadi sai ya jera gwangwanayen tumatir a kan katanga, ya ƙirga taku talatin, ya juyo ya yi ta kakkaɓe su. Ya koya wa Habu, har Habu ya fi shi. Da aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, ya bar masa bindigar da 'yan akwatunan harsashi masu toka-toka, masu maiƙo a jiki kamar an shafa musu kakin zuma. Ya gargaɗe shi da abu biyu. Bindigar nan ta taku talatin ce, in ya matsa mata ta yi hamsin, bayan nan sai sa'a. Kuma tsohuwa ce, kada ya ba ta wani harsashi in ba irin wannan mai tafiya a hankali ba.

"Hannun Yaya Habu kamar an dasa," in ji Kaka. "Shina aza akwatin ashana bisa turmi, shi ƙirga takunsa, shi huda shi a tsaka. Zabuwa a kai yake samunta, don kada shi ɓata nama."

Sai suna ya tafi. A bakin 'yan kasuwa taku talatin ya zama ɗari. Kafin labarin ya kai Ƙwanni an ce yana kayar da barewa daga inda ido bai rarrabe ta da tururuwa. In an faɗa a gabansa sai ya yi murmushi, ya gyara hula. Bai taɓa cewa haka ne ba, bai kuma taɓa cewa ba haka ba ne.

Harsasan Bature suka ƙare. Wani ɗan tireda ya kawo masa wasu masu kan jan ƙarfe, masu sheƙi, ya ce waɗannan sun fi gudu, sun fi kaiwa nesa. Ƙararsu ta fi, mutane suka ƙara jinjina masa. Amma shi ya lura. Ramukan da da suke haɗuwa waje ɗaya yanzu sun warwatse, bindigar tana bugun hannunsa da ƙarfi, wani lokaci kwanson ya maƙale sai ya sa wuƙa. Ba wanda ya gaya wa sai ƙanwarsa, ran da ta kai masa fura. Ya ce mata, "Zali, bindigar nan ba ta son abincin da nake ba ta." Ya ci gaba da ba ta haka nan fiye da shekara.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, da hantsi, lokacin sanyi da amale, babban raƙumi namiji, ke haukan barbara. Akwai wani matashi mai raƙuma, Mamman, yana shayar da dabbobinsa a rijiyar bayan kasuwa. Babban amalensa ya kwana biyu ba ya cin ciyawa, sai kumfa a baki, da wani jan abu kamar jaka da yake turowa daga maƙogwaro yana gurnani. Mamman ya sunkuya zai ɗaure masa dabaibayi. Amalen ya juyo da wuya ya cafke shi a kafaɗa.

A nan Kaka ta kama kafaɗar Nasiru da yatsunta, ta girgiza shi.

"Haka! Ya ɗaga shi sama, ƙahwahunsa na lilo, ya yi ta wujijjiga shi kamar tsumma. Sa'an nan ya maka shi ƙasa, ya durƙusa da ƙirji bisa shi. Daga cikin kasuwa muna jin ƙasusuwa suna karyewa, ɗaya bayan ɗaya."

Mata suka watsar da tuluna. Maza suka tsaya nesa suna jifa da duwatsu, ba mai iya matsawa. Habu yana rumfar mahauta, bindigar na cikin jakarsa. Tsakaninsa da rijiyar akwai fili da wani kwazazzabo, taku ɗari ko fiye, iska kuma tana kaɗawa ta gefe. Ya zaro bindigar ya zabura zai ƙetare kwazazzabon ya matsa kusa. Sai aka riƙo masa riga ta baya, ana ihu: "Harba daga nan! Kafin ka kai ya mutu! Harba!" Kasuwa duka ta ɗauka.

Ya tsaya. Ya miƙa hannu.

Harbin farko ƙasa ya tono, can gaban amalen. Ya ɗaga bakin bindigar. Na biyu ya sami amalen a cinya. Harsashi kamar wake me zai yi wa dabba irin wannan? Ƙara haukata shi ya yi, ya yi wata ƙara, ya sake danna ƙirjinsa yana murzawa. Na uku ba wanda ya ga inda ya tafi. A na huɗu bindigar ta tsage. Ƙarfen da ke ja da baya in an harba ya karye, guntunsa ya taso ya shiga idon Habu na dama. Ya faɗi a gwiwa, hannu a fuska, jini yana bin tsakanin yatsunsa har gwiwar hannu.

Wanda ya gama aikin sarkin fawa ne, dattijo mai furfura. Ya ɗauki gatarin sara ƙashi, ya ƙetare kwazazzabon da gudu, ya zagaya ta bayan amalen ya sare masa jijiyar ƙafa, ya sare ɗayar. Da dabbar ta kife gefe, ya hau wuyanta ya soka wuƙa a gindin wuya. Jini ya yi ta tsartuwa har ya cika kwamin shan ruwa. Aka jawo Mamman. Kafaɗarsa a buɗe take har ƙashi, ƙirjinsa ya lotsa, yana numfashi kumfar jini na fita ta hanci. Bai kai la'asar ba.

Wajen wanka ne liman ya ɗaga hannun mamacin, ya ga wani ɗan rami a ƙarƙashin hammata, zagayayye, tsaf, ba irin na haƙori ba. Ya so ya rufe maganar, amma ba shi kaɗai ya gani ba. Kwana uku bayan jana'iza 'yan'uwan Mamman suka shigo gidan su Kaka da sanduna. Habu yana kwance da ƙulli a ido. Suka jawo shi tsakar gida, suka yi ta dukansa, suka aza hannunsa na dama a kan turmi suka karya shi da taɓarya. Kaka ta ce bai kare kansa ba, bai yi ihu ba, sai salati. Mahaifin su Kaka ne ya kwanta a kansa, sanda biyu suka sauka a bayan tsoho, sannan suka bari. Da ya warke ya jefa ragowar bindigar a wata matacciyar rijiya, ya tafi Agadas, bai sake zama a garin ba.

Nasiru ya ce, "To wa ya kashe shi? Raƙumin ko harsashin?"

"Allah ya sani," in ji Kaka. "Yaya Habu da tambayar nan ya tsufa, da ita aka rufe shi. Tashi ka wanke bakinka kahin ubanka shi shigo."

Ba zan ce labarin ne ya shiryar da Nasiru ba, don ya ƙara shekara biyu yana ba Mama ciwon kai. Yau yana aikin wutar lantarki a Lyon, da 'ya'yansa biyu. Ni kuwa na tashi da fassarata: labarin mai son a yabe shi ne, wanda ya san gaskiya ya yi shiru, sunansa ya yi masa yawa ya danne shi.

Na girma na koma Paris, na zama ma'aikaciyar jinya, na kama ɗaki a Belleville. Wata abokiyar aikina ce ta ja ni kulob ɗin harbi a bayan gari, wai yana kwantar mata da hankali bayan aikin asibiti. Na je don in faranta mata, sai abin ya kama ni. Wata Asabar ina waya da Mama a bakin ƙofar kulob ɗin, wani dattijo mai gilashi ya tsaya yana kallona har na gama.

"'Yata, Hausa nake ji a nan? Sannu da ƙoƙari! Ina gida, ina iyaye?"

Sunansa Malam Bulus, injiniya ne daga kudancin Kaduna, ya daɗe a Faransa. Na riƙa ce masa Baba. Ranar da ya buɗe akwatinsa a gabana sai na ga bindiga kamar ta Yaya Habu. Tsohuwar bindigar gasa ce, dogon baki, mariƙin katako sassaƙaƙƙe, shuɗin ƙarfenta ya koɗe a gefuna. A gefe ga akwatin harsashi, toka-toka, masu maiƙo.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka amfani da masu kan jan ƙarfe? An ce sun fi gudu."

Ya yi dariya. "Gudu zuwa ina? Wannan ta girme ki, ta kusa girme ni. Lokacin da aka ƙera ta, don harsashi mai matsakaicin gudu aka yi ƙarfenta da sifirin ɗinta. Ki ba ta mai ƙarfi, kowane harbi ƙarfen baya yana dukan jikinta fiye da yadda za ta ɗauka. Ba ranar farko za ta nuna ba. Tsaga ce ƙarama kamar gashi, tana girma, ke ba ki sani ba. Kuma mai saurin ma ba ya tafiya daidai. Ya fita da fushi, a hanya ya rage gudu ya fara rawa. Ko cikin masu sanyin, sai kin gwada iri uku huɗu kafin ki san wanda bakinta yake so."

Na ba shi labarin Yaya Habu, tun daga gwangwanaye har turmi. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya cire gilashi ya goge, ya ce in zo Lahadi da safe, zai nemi izini a bar mu mu shiga layin masu dogayen bindigogi.

Muka fara a mita ashirin da biyar. Ya ɗora hannunsa a kan jakar yashi ya saki biyar. Da muka je duba takardar, gindin kofin shayi ya rufe ramukan duka. A mita hamsin suka buɗe, sai faranti zai rufe su. Daga nan muka koma mita ɗari. Takardar da ke da faɗin ƙirjin mutum ta koma kamar tambarin wasiƙa, ƙarfen saiti na bakin bindigar ya rufe ta gaba ɗaya. Ya saki biyar yana saitin tsakiya, ba ko ɗaya a takarda, duk sun faɗi ƙasa da ita. Ya ɗaga baki ya sake biyar. Biyu suka shiga, ɗaya a kusurwar hagu, ɗaya can ƙasa. Ukun ba mu gan su ba.

"Kin gani," in ji shi. "Ina zaune, hannuna a kan yashi, ba iska, ba mai ihu a kunnena, harsashin da take so na ba ta. Kakanki yana tsaye, ya yi gudu, hannu ɗaya. Dabbar tana motsi, mutum yana ƙarƙashinta, harsashi kuma ƙasa yake faɗuwa. Ko wane ne a wurin, 'yata, ba zai samu ba. Abin da ya so yi da farko shi ne daidai, ya matsa kusa ya sa mata a bayan kunne."

Na naɗe takardar na sa a jaka. A ƙarshen watan na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon.

Lokacin Kaka ta tsufa ƙwarai, ba ta fita sai asibiti. Na same ta da rana a kan gado, Mama ta tafi kasuwa. Bayan gaisuwa, da tambayar aiki, da tambayar yaushe zan kawo miji, na shimfiɗa mata takardar a cinya. Na ɗora yatsanta a kan ramuka biyun, na gaya mata abin da Malam Bulus ya ce. Na zaci zan faranta mata. Na ce, "Kin ga, Kaka, ba gazawar Yaya Habu ba ce. Wanda ya riƙe masa riga ne ya cuce shi."

Ta daɗe tana shafa takardar.

"Ni ce," ta ce.

Ban gane ba. Na ce, "Ke ce wa?"

"Ni na riƙe rigar. Mamman mijina ne, ɗiyata, mijina na hwari, kahin kakanku. Watanmu bakwai da aure, kuma ni na zaɓe shi. Ina jin ƙasusuwansa suna karyewa. Na san bindigar ba ta kaiwa, Yaya ya gaya mani da bakinsa. Amma na ga kwazazzabon nan, na ga nisan, na ce kahin shi kai an gama. Na riƙe shi da hannu biyu. Ya waiwayo ya dube ni, sa'an nan ya harba."

"Ba wanda ya sani?"

"Kasuwa ta cika, kowa na ihu. Shi kaɗai ya sani. Ran da suka aza hannunsa bisa turmi ina tsaye bakin ɗaki. Suna tambayarsa mi ya sa ya harba daga nesa, don a yabe shi? Ya buɗe idonsa guda ya dube ni, ya yi shiru. Har ya mutu bai hwaɗa ma kowa ba."

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in miƙo mata ruwa, in kuma ɓoye takardar kada Mama ta gani ta yi ta tambaya. Ta rasu bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, aka binne ta a Lyon.

Shekara goma sha biyar na yi ina ganin Yaya Habu a matsayin mai son yabo, ashe shirun da ya fi girma a rayuwarsa don ƙanwarsa ya yi shi. Har yanzu ina zuwa harbi, kuma ban taɓa neman bindigar hannu ta yi mini abin da ba a ƙera ta dominsa ba. Amma inda labarin ya fi zuwar mini a wurin aiki ne. Sau da yawa a ɗakin gaggawa wata mata za ta cafke hannun rigata, mijinta ko ɗanta yana kan gado, tana cewa ku yi wani abu yanzu, yanzu, me kuke jira. Da ina jin haushi, in fizge hannuna. Yanzu nakan ɗora hannuna a kan nata, in dube ta cikin ido, in ce mata na ji, amma ta sake ni in isa wurinsa tukuna. Mafi yawansu suna saki.